"All ready" ko "already"? Yadda ake rubuta "na shirya" da Turanci

Shekarun baya na yi aiki a wani ɗan shagon buga takardu, irin wanda ake kai wa wasiƙa ko takardar neman kwangila a buga a kwamfuta. Wata ranar Alhamis maigidanmu ya tafi Kaduna, ya bar mana wasu takardu da za a haɗa kafin ya dawo. Wajen la'asar muka kammala, sai yaron shagon ya ɗauki waya ya tura masa saƙo: *Sir, the documents are already.* Ba a yi minti biyu ba amsa ta dawo: *Already what?* Yaron ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, duba mini, ko sabis ne ya yanke saƙon?" Babu abin da ya yanke. Shi abin da ke ransa shi ne takardu duk suna nan a shirye. Amma abin da ya rubuta, in an mayar da shi Hausa, shi ne "takardun sun riga sun", sai ya yi shiru. Duk wanda aka ce wa "sun riga sun" aka tsaya, dole ya tambaya. Sun riga sun ɓata? Sun riga sun jiƙe? An riga an kai su?

Abin da ya raba saƙon da ya tura da wanda ya yi niyya bai wuce harafin *l* guda da ɗan filin da ake bari tsakanin kalma da kalma ba. *All ready* ya so rubutawa, *already* ta fito. Daga baya da na koma koyar da masu shirin WAEC da NECO a ajin yamma, ana kuma kawo mini wasiƙun neman aiki in duba, na ga wannan tuntuɓen ya fi a ƙirga, shi da 'yan'uwansa irin su *ready to* da *ready for*, da *I have ready*. Abin da na lura kuwa shi ne mai jin Hausa ba ya bukatar haddar doguwar ƙa'idar nahawu kafin ya raba su, domin Hausa ta raba su tun tuni. Ba ka taɓa jin Bahaushe ya rikita "na riga na ci" da "a shirye nake in ci". Aikin da ke gabanka shi ne ka saba mayar da jimlar gida, ka saurare ta, sannan ka rubuta.

Kada ka ga laifin kunnenka, kalmomin biyu uwarsu ɗaya. A Turancin ƙarni na 14 kalmomi biyu ne, *al* da *redy*, ma'anarsu a shirye tsaf. A hankali ma'anar ta zame. Abin da aka tarar a shirye ai an riga an yi shi, sai haɗaɗɗiyar kalmar ta koma nufin "tuni", ta zauna da *l* ɗaya, ita kuwa rababbiyar ta riƙe ma'anarta ta asali. Haka aka yi da *altogether* da *all together*. A bakin Bature akwai ɗan bambancin furuci, don a *already* nauyin murya yana kan gaɓa ta biyu, a *all ready* kuwa kowace kalma da nata nauyin. Mu a nan "olredi" muke ce wa duka biyun, saboda haka furuci ba zai fishe mu ba, sai ma'ana.

Mataki na farko: mayar da jimlar gida

Kafin ka rubuta kowacce daga cikin biyun, faɗi abin da kake nufi da Hausa, a zuci ko a fili. In ka ji "riga" ko "tuni" ta fito, *already* kake nema, kalma ɗaya, *l* ɗaya. In kuwa ka ji "a shirye", "na shirya", "an gama" ko "ya kammala", to *ready* kake nema, *all* ɗin da ke gabanta kuma ita ce "duk" ko "tsaf" ɗinmu.

Ɗauki abin da ake ji kullum a tasha. Ka iso da jakarka, ɗan kamasho ya ce maka tuni motar ta tashi. Da Turanci wannan shi ne *The bus has already left.* In kuma cewa ya yi fasinjoji duk sun shirya, direba kawai ake jira, to *The passengers are all ready.* Uba ya ce ya riga ya biya kuɗin makaranta: *I have already paid the school fees.* Amarya ta aiko cewa ta shirya tsaf: *I am all ready.*

Ka ga ke nan *already* maganar lokaci take yi, tana cewa abin ya faru kafin yanzu, ko kafin lokacin da aka zata. Kamar "riga" take, ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an faɗi abin da ya riga ya faru. *All ready* kuwa halin da mutum ko abu yake ciki take faɗa, kuma tana iya rufe jimla ba a ji wani giɓi ba. Za ma su iya haɗuwa a jimla ɗaya. "Tuni duk sun shirya" shi ne *They are all ready already.* Babu kuskure a ciki, sai dai nauyin baki, shi ya sa a rubuce aka fi son *They are already prepared* ko makamancinsa.

Akwai ɗan wani abu game da *all* ɗin nan. In ka rubuta *We are all ready*, mai karatu zai iya fahimtar "dukkanmu mun shirya", zai kuma iya fahimtar "mun shirya tsaf". A hira wannan ba ya hana komai. Amma in kana ba shugaba rahoto, inda yake son ya san ko akwai wanda ya rage, fayyace masa. *All of us are ready* ga dukkanmu, *We are fully ready* ga tsaf.

Mataki na biyu: cire *all* ka gani

Wannan gwajin na tabbatarwa ne, kuma ba ya cin lokaci. Goge *all* ko *al* ɗin, ka karanta abin da ya rage. *The rooms are all ready* ta koma *The rooms are ready*, jimla tana nan da ranta, to kalmomi biyu ne. *She has already gone* ta koma *She has ready gone*, wannan kuwa ba magana ba ce, to kalma ɗaya ce. Shi kuma *allready*, mai *l* biyu a haɗe, kuskuren rubutu ne a Turancin yau.

Mataki na uku: kada ka bar *ready* ba madogara

A nan ne Hausa, wadda ta taimake mu a sama, take iya yi mana ƙafar ungulu in ba mu lura ba. "Shirya" aikatau ne a wurinmu: na shirya, ta shirya, za mu shirya. *Ready* kuwa a yawancin amfaninta sifa ce, kamar *tall* ko *happy*. Ɗalibi sai ya dubi "na shirya", ya ce "na" ita ce *I have*, "shirya" ita ce *ready*, ya haɗa ya rubuta *I have ready*. Wani kuma ya rubuta *I will ready by eight*. Duka biyun sun faɗi.

Dabarar ita ce ka daina fassara daga "na shirya", ka koma fassara daga "a shirye nake". Wannan "nake" ɗin ita ce *am*. A shirye take, *she is ready*. A shirye suke, *they are ready*. Jiya a shirye muke, *we were ready*. Gobe zan kasance a shirye, *I will be ready*, kuma "kasance" ɗin ita ce *be* da ake yawan mantawa. Muddin ka ga *ready* a jimlarka, waiwaya baya kaɗan ka nemi *am*, *is*, *are*, *was*, *were*, *be* ko *been*, ko ɗaya daga 'yan tsirarun aikatau masu yin aikinsu, irin su *get*, *look*, *seem* da *feel*. In babu ko ɗaya, da walakin.

Wanda ya taso a Sabon Gari ko ya yi zaman Legas yana da ƙarin abin lura. *I don ready* daidai take a Pidgin, harshe ne mai ƙa'idarsa, amma ƙa'idar tasa ba ta shiga wasiƙar ofis. Haka nan *Am ready*, wadda ta cika WhatsApp. Mutane sun ji *I'm* a baki, suka ɗauka *am* ce. A rubuce sai dai *I am ready* ko *I'm ready*, ta biyun ma a bar wa abokai.

Sai bambancin wanda ya gama da wanda ke kai. "Ina shiri" shi ne *I am getting ready*, wato ana ɗaura ɗankwali, ana neman hula. "Na shirya" shi ne *I am ready*, wato takalmi na ƙafa. Umarni kuma *Get ready*. In wani kake shiryawa, sa shi a tsakiya: "ki shirya yara" shi ne *Get the children ready*. Gaskiya ne akwai *ready* aikatau, za ka gan ta a kanun jarida inda ake cewa sojoji ko ma'aikata *readied* wani abu, amma shawarata ka bar wa 'yan jarida kayansu, *prepare* ta ishe ka.

Lokaci ma yana da nasa ƙananan kalmomi. *Ready by Monday* na nufin ba zai wuce Litinin ba, yana iya kammala kafin nan. *Ready on Monday* ran Litinin ɗin ce. *Ready in ten minutes* shi ne "nan da minti 10". Tela da ya rubuta wa mai kaya *by* alhali *on* yake nufi, kada ya yi mamaki in ya gan shi ran Asabar a ƙofar shago.

Kuma ba kowace "shirya" ce *ready* ba. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta insha'i a kan rikicin da aka yi tsakanin maƙwabtansu biyu, ta rufe da *They fought for two years but now they are ready.* Na kira ta na ce, "Wannan shirin na mene ne, za su sake sabon faɗa ne?" Ta ce, "A'a Malam, ai sun shirya." Shiryawar da take nufi ta sulhu ce, wato *they have made up* ko *they have reconciled*. Haka "mun shirya taro" *organised* ce, "shirya kaya a jaka" *pack* ce, "shirya littattafai a kanta" *arrange* ce. Kalma ɗaya tamu ta rabu gida huɗu ko biyar a Turanci, kuma ɗaya kawai daga ciki ce ta *ready*.

A ɗaya ɓangaren kuma, *ready* tana shiga inda mu ba ma cewa "shirya". Abinci a wurinmu nuna yake, ko a ce an sauke, ɗinki kammala yake, sakamakon jarrabawa fitowa yake. Turanci duk yana iya ce musu *ready*. Allon nan da ake jinginawa a ƙofar gidajen abinci, *Food is ready*, mutane na yi masa dariya, amma Turancinsa lafiya ƙalau ne, da *is* ɗinsa da komai.

Mataki na huɗu: *to* ko *for*

Da ka rubuta *ready*, dubi abin da zai biyo ta. In aikatau ne, *to*. In suna ne, *for*. Hausa ma tana nuna wannan. "A shirye nake in fara aiki", wannan "in" da 'yan'uwanta, "ka", "ta", "mu", "su", suna jan aikatau, su ne *to*: *I am ready to start work.* "Na shirya wa jarrabawa", wannan "wa" tana jan suna, ita ce *for*: *I am ready for the examination.*

Inda ake zamewa shi ne kalmominmu masu fuska biyu, irin su tafiya, karatu, aure, aiki, waɗanda suna ne amma aiki suke faɗa. "Na shirya tafiya" tana da hanya biyu, duka masu kyau: *I am ready to travel* ko *I am ready for the journey*. Abin da ba a yi shi ne a ɗauki kan wannan a ɗora a jikin waccan, a samu *ready to the journey* ko *ready for go*. Zaɓi hanya ɗaya ka bi ta har ƙarshe.

Aikatau da ke bayan *to* kuma tsirara yake zuwa, ba *-s*, ba *-ed*, ba *-ing*. Ko da jiya abin ya faru, *was* ce ke ɗauke da lokacin: *She was ready to go*, ba *to went* ba. Na san inda ruɗanin *-ing* yake fitowa. A ƙarshen wasiƙar neman aiki an koya mana *I look forward to hearing from you*, kuma daidai ne, don *to* ɗin can wata iri ce, mai jan suna. Sai mai rubutu ya ga ai an sa *-ing* bayan *to*, ya hau layin sama ya rubuta *I am ready to attending an interview*. A'a. Su biyun suna iya zama a sakin layi ɗaya kowacce da halinta: *I am ready to attend an interview, and I look forward to hearing from you.*

Yanzu ga wani wuri da ya cancanci a ɗan zauna. Malaman nahawun Turanci suna da tsohon misali, *The chicken is ready to eat.* Kazar ce ta ji yunwa tana jiran tsaba, ko kuwa an soya ta tana jiran mai ci? Jimlar tana ɗaukar duka biyun. Da kaza abin dariya ne, kuma ba wanda zai ruɗe in yana jin ƙanshi daga kicin. Amma sa mutum a wurin kazar. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta *The patient is ready to operate*, sai ya zama majinyacin ne zai riƙe wuƙa. Sakatare ya rubuta *The candidates are ready to interview*, ba a san wa zai yi wa wani tambaya ba. In za a yi wa mutum abu ne, ba shi zai yi ba, bi ɗaya daga hanyoyi biyu: *ready for the operation*, ko *ready to be interviewed*. A Hausa wannan ita ce "a" ta "a yi masa": a shirye yake a yi masa aiki. Da ka ji wannan "a" ɗin, *to be* ko *for* kake nema.

Wannan ne ya sa takardun ofis suka cika da *ready for collection*, *ready for signature*, *ready for printing*, *ready for use*. Kayan ba su ne za su yi aikin ba, yi musu za a yi. In kana son ka ambaci wanda zai yi, ga yadda ake jerawa: *The certificate is ready for you to collect.* Akwai kuma *ready with*, ga wanda ya riƙe abu yana jira, kamar *She was ready with an answer*, amma ba kasafai za ka bukace ta ba.

Mataki na biyar: mazaunin *already*, da lokacin da za ka ƙyale ta

In ka tabbata *already* ce, saura inda za ta zauna. Gurbinta na yau da kullum shi ne tsakanin *have* ko *has* ko *had* da babban aikatau: *We have already submitted the form.* In *is* ko *are* ce kaɗai a jimlar, sai ta biyo bayanta: *He is already in Zaria.* Kula da siffar aikatau bayan *have*: *gone*, *written*, *seen*, *taken*, ba *went* ko *wrote* ba. Amurkawa kan ce *I already ate* ba tare da *have* ba, kuma a wurinsu daidai ne. Makarantunmu Turancin Ingila suke bi, saboda haka a jarrabawa da wasiƙar hukuma *I have already eaten* ta fi kwanciyar hankali.

In ka kai ta ƙarshen tambaya, mamaki take nunawa, kuma Hausa tana da kalmar da ta dace da ita cif, wato "har". "Har ka gama?" shi ne *Have you finished already?* In tambaya ce kawai ba mamaki, irin "ka gama kuwa?", to *Have you finished yet?*

A jimlar korewa, *already* tana ba da wuri. "Ban biya ba tukuna" shi ne *I have not paid yet.* "Har yanzu ban biya ba", mai ɗan ƙorafi a ciki, shi ne *I still have not paid.* Riƙe su uku tare: "riga" da *already*, "tukuna" da *yet*, "har yanzu" da *still*. Inda za ka ga *not already* a tsayayyen Turanci yawanci bayan *if* ne, kamar a sanarwar makaranta: *Please pay your fees if you have not already done so.*

Korewar *all ready* ma tana son kulawa. *We are not all ready* na nufin ba dukkanmu muka shirya ba, wasu sun shirya. In ba wanda ya shirya, *None of us is ready.* Shugaban tawaga da ya rikita waɗannan zai iya sa mota ta zo ta yi ta jira a banza.

Wata *already* kuma da masu kallon finafinan Amurka ke kwasowa ita ce ta ƙosawa, irin *Come on already*, wadda ta yi kama da "mana" a "zo mana". Ta baki ce, ba ta takarda ba.

Mataki na shida: wa kake rubuta wa?

*All ready* tana da ƙanne biyu da suka yi kasuwa a intanet, *all set* da *good to go*. Ma'anarsu kusan ɗaya ce, an kimtsa, sai tafiya. Tsakanin abokan aiki a WhatsApp ba laifi. A wasiƙar neman aiki, ko takarda zuwa ga shugaban makaranta, ko insha'in jarrabawa, ni ba na barin ɗalibaina su sa su, kamar dai yadda ba za ka shiga gaban hakimi ka ce "komai normal" ba. Ka kuma san cewa a kanti ko gidan abinci a Amurka, in aka tambayi mutum ko a ƙaro masa wani abu ya ce *I'm all set*, "ya isa, na gode" yake nufi.

A rubutun hukuma sau da yawa ma wata kalmar ta fi *ready* dacewa. In amincewa kake nunawa, kamar za ka yarda a tura ka ko'ina aiki, *willing* ce: *I am willing to work in any state.* In sarari kake nunawa, *available* ce: *I am available for an interview from 3 March.* In kuma kana nufin ka yarda ko da abin da ɗan nauyi, *prepared to* ce: *I am prepared to pay half of the cost.* Tsakanin *prepared* da *ready* akwai ɗan rata. Ɗalibin da ya yi wata uku yana bita *prepared* ne, amma in ranar jarrabawa ƙarfe 8 ta same shi yana neman biro, bai zama *ready* ba. Lauyoyi kuwa, da ba sa son barin ƙofa a buɗe, sukan jera uku a takardun ciniki, *ready, willing and able*.

Abu biyu ƙanana kafin mu wuce. In *ready* ta haɗu da wata kalma suka siffanta suna, karan ɗori ke shiga tsakani, kamar *ready-made clothes*, ɗinkin kanti ke nan. Sannan *y* tana komawa *i* a *readiness* da *readily*, kuma *readily* ba "a shirye" take nufi ba. *Readily available* abin da ake samu a sauƙaƙe ne, *he readily agreed* kuma ya yarda nan take ba gardama.

Mataki na ƙarshe: bita kafin turawa

Kada ka dogara da jan layin kwamfuta. Zai kama maka *allready*, amma *already* da *all ready* duka rubutunsu daidai ne, saboda haka sau da yawa wucewa yake ya bar su ko da sun zauna a gurbin juna. Waya ma ta fi ɓarna, don da ka fara *allr* sai ta miƙo maka *already* ko ba ita kake so ba. In doguwar takarda ce a Microsoft Word, danna Ctrl da F ka rubuta *ready*. Zai haska maka duka biyun, tunda kowacce tana ɗauke da waɗannan haruffa biyar, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga mai WAEC kuwa lissafin a bayyane yake. Insha'in da ake nema bai gaza kalma 450 ba, an ware maki 10 ga tsabtar rubutu, kowane kuskure yana cin rabin maki, wato kuskure 20 sun share gurbin kaf.

Bari mu gwada a kan saƙo guda, irin wanda ɗalibin ajin ƙarshe ke tura wa malamin da ke duba masa aikin bincike:

*Good morning sir. I have all ready corrected chapter three and chapter four is already. Am ready for defending my project any time you are ready.*

Jimlar farko da Hausa: na riga na gyara babi na uku. "Riga" ta fito, to *already*. Babi na huɗu kuma ya kammala, babu "riga" a nan, to *ready*, ko *all ready* in ana son ƙarfafawa. Ka ga ya sa kowacce a ɗakin 'yar'uwarta. *Am* ta rasa *I* ɗinta. "A shirye nake in kare aikina", ga "in" nan, to *to defend*. Saura wutsiyar saƙon, *any time you are ready*, wadda nahawunta daidai ne amma ladabinta da saura. Ko da Hausa ba ka ce wa malaminka "duk sanda ka shirya", kamar shi ne ke jan ƙafa. Cewa kake "duk sanda Malam ya samu sarari". Ga yadda saƙon zai koma:

*Good morning, sir. I have already corrected chapter three, and chapter four is ready. I am ready to defend my project at any time that is convenient for you.*

Ga guda huɗu ka gwada da kanka, ka rufe amsar da hannu tukuna. "Tuni baƙin suka iso." "Ɗakunan duk an gyara su, suna jiran baƙi." "Ba mu shirya wa damina ba tukuna." "A shirye yaron yake a yi masa allura."

Ta farko, *The guests have already arrived.* Ta biyu, *The rooms are all ready for the guests.* Ta uku, *We are not ready for the rainy season yet.* Ta huɗu, *The boy is ready for his injection*, ko *ready to be injected*. In ka rubuta *ready to inject* a ta huɗun, ka miƙa wa yaron sirinji, sai ka koma mataki na huɗu ka sake karanta zancen kazar nan.